Bangon birgi a cikin ɗaki: a shafe shi da fenti ko a bar shi tsirara?

Daga ƙarshen kaka zuwa shigowar bazara shi ne lokacin gyaran gida a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya shiga kasuwa, bukukuwan aure sun kankama, kowane mai gida kuwa yana duban abin da damina ta ɓata masa. A cikin gyare-gyaren da ake yi a wannan tsakani akwai guda wanda mai fenti ke gamawa cikin yini biyu, amma mai gida ba ya iya warware shi ko da zai shekara goma yana cizon yatsa, wato shafa fenti a kan bangon birgi wanda ba a yi wa yaɓe ba.

Mutum biyu ne ke da irin wannan bango a cikin ɗaki, kuma ba su cika zama unguwa ɗaya ba. Na farko ƙaramin ma'aikaci ne, malamin lakwal ko akawun buro, wanda ya sayi fili tun yana saurayi, yake ɗora birgi a kan birgi gwargwadon abin da albashi ya rage, har ranar da kuɗin haya suka ishe shi, ya kwashi iyalinsa ya tare. Tol da ƙofa kaɗai aka sa, yaɓe kuwa sai ranar da Allah ya hore. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 sun san wannan hali sarai, domin a lokacin albashi kan yi watanni bai fito ba, sa'an nan karyewar darajar kuɗin sefa ta ranar 12 ga Janairun 1994, wadda ta mai da faran ɗaya na Faransa daga sefa 50 zuwa sefa 100, ta sa duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, har da fenti, ya yi tashin gwauron zabo. Na biyu kuwa attajiri ne ko babban ma'aikaci wanda ya biya kuɗi musamman don a bar masa bangon salo ba yaɓe, saboda ya ga haka a otel a ƙasashen waje ko a talabijin, ya kuma ji an ce shi ake yayi.

Yayin nan shi ma talauci ne asalinsa. A shekarun 1960 da 1970, masu zane-zane na birnin Niyu Yok na Amurka, waɗanda ba su da kuɗin hayar gidan kirki, suka riƙa tarewa a tsofaffin masana'antu da rumbunan kaya na unguwar SoHo, suka zauna cikin jan birgi yadda suka tarar da shi. Da sunansu ya fito sai masu hali suka bi sawunsu, abin da aka yi don dole ya koma ado. A wannan yanki kuma akwai wani dalili da ya fi wancan nauyi, domin masu tsara gine-gine ƴan Afirka sun maido wa ƙasa martabarta. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da birgin ƙasa wanda aka bari a fili, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce babba a wannan sana'a. A Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gama gidajen Niamey 2000 a shekarar 2016 da birgin ƙasa da aka matsa da inji, a 2018 kuma ita da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallacin Dandaji a jahar Tawa, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Irin waɗannan ayyuka ne suka sa wanda ya bar birgin ƙasa a fili cikin salonsa ba lalle a yi masa kallon wanda kuɗi suka yanke wa ba.

To, ko dole ce ta sa ko sha'awa, bayan shekara ɗaya ko biyu mutanen nan kan haɗu a kan tambaya guda, galibi kuma uwargida ce ke tayar da ita, tun da ita ke shara. Ƙorafinta ba na banza ba ne. Bangon da ba shi da yaɓe yana zubar da gari kullum, ga ƙurar hunturu tana samun wurin kwanciya a kowane layi na tsakanin birgi da birgi. Ramukan nan kuma masauki ne ga kyankyaso da gizo-gizo da kuɗin cizo, wani lokaci har kunama. Uwa uba duhu: farin bango yana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, jan birgi kuwa da ƙyar yake maido da kashi ɗaya cikin uku. Ɗakin da taga ɗaya ta ishe shi in bangonsa fari ne, sai an kunna fitila da rana tsaka in ja ne, kuma duk wanda ke biyan takardar NIGELEC a ƙarshen wata, ko yaransa ke bitar darasi da fitilar hannu ranar da aka ɗauke kuran, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Saboda haka mai son shafa fenti yana da hujja. Abin da ya rage shi ne a san wane bango ne, wane fenti ne kuma.

Sunan ɗaya, halin daban

Abin da ake kira birgi a Nijar, ko bulo a Najeriya, ba jinsi guda ba ne, a nan ne kuma yawancin asara ke somawa. Birgin siminti, wanda ake bugawa da simintin Malbaza ko na Najeriya, shi ya fi kowanne haƙuri da fenti. Ba shi da wani kyau da za a ce an ɓoye, in an shafe shi ba a yi asarar kome ba. Gasasshen jan birgi, wanda wuta ta ci har wajen digiri 900 zuwa 1000, bai yawaita a nan kamar yadda ya yawaita a Injamena da Khartum ba, inda fatake suka saba ganin ana gasa shi a bakin kogi. Yana da tauri a fuska, amma cikinsa tamkar soso ne. Sai birgin laka na kowa da kowa, wanda rana kaɗai ta busar, da kuma ƙanensa na zamani, wato ƙasar da aka gauraya da ɗan siminti, kashi 5 zuwa 8 cikin 100, aka matsa ta da inji. Waɗannan ukun na baya su ne ke bukatar a yi tunani kafin a buɗe gwangwanin fenti.

Dalilin kuwa kowace mace mai randa ta san shi, ko da ba ta taɓa gina ɗaki ba. Randar Mirya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana kwashewa. Wanda ya shafe randa da fentin mai don ta yi kyau ya kashe ta, sai dai ya sha ruwan ɗumi. Haka bangon ƙasa da na jan birgi suke: da damina suna shan laima, da rani suna fitar da ita, muddin kuma hanyar fita a buɗe take, ba abin da ke samun su. Laimar nan ta hanyoyi da yawa take shiga. Tana hawowa daga tushen gini kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ta kai wajen mita ɗaya daga ƙasa. Tana ratsowa daga waje, musamman ta bangon gabas, tun da daga gabas hadari ke tasowa a ƙasar nan, shi ke shan dukan ruwa. Tana zuwa daga indararon da ya tsage, daga makewayin da ke bayan bangon, ko daga famfon da ke ɗiga ba wanda ya kula.

Ruwan da ke tafiya cikin bango ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da gishiri da kanwar da ke cikin ƙasa da siminti. In ya iso fuskar bango ya bushe, sai ya bar farin garin nan da ake gani a gindin katanga, wanda ake kira zartsi. A bangon da ba fenti, zartsi muni ne kawai, tsintsiya ta ishe shi. A bangon da aka rufe da fentin mai kuwa ba shi da mafita, sai ya taru a bayan fentin yana girma yana turawa. Da farko fentin ya kumbura kamar ƙuna, daga baya ya ɓare, kuma ba ya ɓarewa shi kaɗai, yana tafiya da fatar birgin. Jan birgin da ya rasa fatarsa ya rasa garkuwarsa, daga nan sai marmashewa.

A bangon laka abin ya fi haka haɗari, domin fentin mai yana iya tsayawa garau a ido alhali ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta yi laushi, gara kuma ta yi hanyoyinta ba mai gani. Bangon da ba a rufe ba yana gargaɗi: yana canza launi, yana tsagewa, mai gida ya gani ya kira magini. Wanda aka rufe ba ya faɗin kome sai ranar da ya zauna. Damunan 2020 da 2024 sun nuna wa kowa abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa, daga unguwannin hayin kogi na Yamai zuwa Maraɗi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumban 2024. Ruwan sama ne ya kayar da waɗannan gine-gine, ba fenti ba. Amma duk gidan da ya sha ruwa a irin waɗannan shekaru ya tsira, bangonsa kan yi watanni yana fitar da laima, mai gidan da ya yi gaggawar rufe tabon ambaliya da fentin mai don baƙi kada su gani ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki.

Ko birgin siminti mai haƙuri yana da nasa sharaɗi. Sabon siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kowa kuwa ya san abin da ke faruwa in ruwan toka ya haɗu da mai a tukunya: sabulun salo ke fitowa. Daidai wannan ne ke faruwa in aka shafa fentin mai a kan simintin da bai huce ba. Bayan fentin ya koma sabulu, ya yi danƙo, ya saki bango. Shi ya sa ake jiran aƙalla kwana 28 bayan gini, wanda kuma ba ya gaggawa gara ya bar sabon bango ya ga damina ɗaya, ya fitar da zartsinsa, kafin a taɓa shi.

Kafin a kira mai fenti

Akwai gwaji mai arha wanda kowa ke iya yi da kansa. A sami ledar da ba ta da huda, faɗinta kamar rabin mita, a manna ta a gindin bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. In aka ɓare aka tarar da gumi a cikinta, ko birgin da ke bayanta ya yi duhu fiye da na kewaye, to bangon yana da laima, kuma maganinsa na waje: a gyara indararo, a cike gindin katanga don ruwa ya daina kwanciya, a matsar da randa. Mai fentin da ya ce fentinsa na kashe laima, kasuwarsa yake ci. Gwajin nan a watan Maris ba ya faɗin gaskiya duka, tun da a lokacin kome a bushe yake. A watan Agusta ko Satumba ne bango ke nuna halinsa. Gwaji na biyu ma ya fi sauƙi: a goga tafin hannu a jikin birgin. In gari ya cika hannu, fenti ba zai kama birgi ba, garin zai kama, ya faɗo tare da shi.

In bango ya ci waɗannan gwaje-gwaje, sai shiri, shi ne kuma rabin aikin, ko da yake shi ne abin da mai fentin da aka yi wa jinga ke son tsallakewa. A goge bangon da buroshi mai tauri, amma ba na ƙarfe ba in birgin mai laushi ne. Zartsi a busasshe ake kaɗe shi, domin in aka wanke shi da ruwa narkewa yake yi ya koma ciki, bayan mako biyu ya sake fitowa. Inda hayaƙin girki ko maiƙo ya taɓa, a wanke da sabulu a bari ya bushe sarai, in ba haka ba tabon zai ratso fenti kome yawan shafi. Ramuka da layukan da suka zube a cike su da irin abin da aka yi ginin da shi, laka ga laka, kwaɓi mai sauƙi ga jan birgi. Ɗanyen siminti mai ƙarfi a tsakanin birgi mai laushi ba gyara ba ne, domin ya fi birgin tauri, in bango ya motsa birgin ne ke fashewa.

Game da fenti, in bangon jan birgi ne ko na siminti, fentin ruwa wanda masu kanti ke kira FOM shi ne daidai, marar ƙyalli, domin yana barin bango ya ɗan yi numfashi, ƙyalli kuwa tona asirin kowane lanƙwasa yake yi. Shafin farko a tsinka shi da ruwa don ya shiga jikin birgi, a bi layuka da buroshi, sa'an nan a bi fili da rulo mai dogon gashi. Sai ya bushe a ƙara na biyu, sau da yawa har na uku. A nan mai gida ya shirya aljihunsa. Lita ɗaya ta fenti kan rufe wajen murabba'in mita 10 a bango mai sumul. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3, wato murabba'in mita 12, lita biyu da rabi ta ishe shi shafi biyu in yana da yaɓe, amma tsiraran birgi yana iya shanye ninkin wannan bai ƙoshi ba. Ma'aikacin da ya guje wa yaɓe don tsada, in ya yi lissafi da kyau, wani lokaci zai tarar abin da ya hana magini ya miƙa wa mai kanti, ga shi kuma ramukan da ƙura ke kwanciya suna nan, launi kawai suka canza.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina bango bai bushe ba. Ranar da hazo ya sauko, ƙura na manne wa ɗanyen fenti. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, fenti kan bushe a fuska kafin ya kama bango, kamfanonin da ke yin sa kuwa galibi suna gargaɗi kada a shafa in zafi ya haura digiri 30 zuwa 35. Abin da ya rage shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ranar da iska ta kwanta, da hantsi.

Abin da magina na dā suka sani

Masu cewa barin bango tsirara shi ne komawa ga gargajiya sun yi kuskure. Maginin Hausa bai taɓa barin tubali a fili ba. Wanda ya zaga Birnin Damagaram ya dubi fuskokin gidaje masu zane, ko ya shiga tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ko ya je masallacin Yama na jahar Tawa, wanda Falke Barmu ya soma a 1962 har ya ci lambar Aga Khan a 1986, ba zai ga tubali ko ɗaya a waje ba. Duka an lulluɓe su. Amma da me? Da laka da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta ruɓa. Da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, wadda ke ƙarfafa yaɓe da daɓe ta ba su launin ja mai duhu. Da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don rufin soro da bangon da ruwa ke duka. A cikin ɗaki kuma da farar ƙasa, wadda mata ke shafawa gabanin Salla ko jeren amarya. Duk waɗannan abubuwa halinsu ɗaya da na bangon da suke rufewa: suna shan laima tare da shi, suna bushewa tare da shi, in sun gaji a sabunta su ba tare da an ji wa gini ciwo ba.

Don haka ga bangon laka da na matsattsen birgi, kai har ga jan birgin da ake shakkar laimarsa, farar ƙasa ta fi kowane fentin gwangwani, ga ta kuma da arha. Iri biyu ce. Akwai ta haƙa, wadda ake jiƙawa a tace a shafa. Akwai kuma ta buhu, wadda ake kira chaux da Faransanci, dutse ne da aka ƙona da wuta mai tsanani. In ɗanya ce, wadda ba a kashe ba, ana zuba ta cikin ruwa a tano a waje, ta tafasa da kanta, a nisantar da yara, a kāre ido da hannu domin tana ƙuna, a bar ta ta kwana, in an samu ma ta yi mako. Sirrinta shi ne bayan an shafa ta tana jan iska a hankali ta koma dutse a jikin bango. In ta bushe da gaggawa ba ta samun yin haka, sai ta zama gari mai bin riga. Shi ya sa ake yayyafa wa bango ruwa kafin a soma, ake kuma shafa ta tsararo kamar madara, shafi uku ko huɗu, kwana ɗaya tsakanin kowanne. Da ɗanyenta ba ta da kyan gani, har mai gida ya yi tsammanin an cuce shi, sai ta bushe farinta ke fitowa. Kaifinta yana hana fumfuna. Wasu na ƙara mata ɗan ƙaro don ta kama, wasu bula don farin ya yi haske. Masu zuba mata gishiri kuwa su daina in bangon na da zartsi, kada a ƙara wa Barno dawaki. Aibinta ɗaya ne, ba kuma ƙarami ba ne ga mai farar shadda: tana ɗan gogewa, kuma tana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu.

Wanda kuma ke son launin birginsa, ƙura kawai ta dame shi, ba sai ya rufe shi ba. Ruwan ƙaro tsararo, in aka shafa a bangon ciki, yana ɗaure garin ba tare da toshe numfashi ba. Abin gudu shi ne verni mai ƙyalli, wanda ake yawan tallata wa masu irin wannan bango: halinsa na fentin mai ne, ga shi yana yin rawaya in ya tsufa.

Dalma, da hakkin mai gida

Akwai wani dalili na guje wa fentin mai a cikin ɗaki wanda ya wuce lafiyar bango, wato lafiyar yara. An daɗe ana sa dalma a fentin mai don launi ya fito, musamman rawaya da ja da ruwan lemo da kore, da kuma don ya bushe da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, abin da ta ɓata kuma ba ya gyaruwa. Mutanen Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a maƙwabta ba, a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya irin haka, a hankali take aiki, ta hanyar ɓawon da ke faɗowa da ƙurar da yaro mai rarrafe ke kai wa baki. Iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira a bi ita ce kashi 90 cikin miliyan, ƙasar Kamaru kuwa ta sa ta cikin dokarta tun 2017, amma binciken da aka yi a kasuwannin ƙasashen Afirka da dama ya sami fentin mai da ya ninka wannan iyaka nesa ba kusa ba. Fentin da aka ɗura a bidon marar suna aka sayar da awo, ba mai iya cewa ga abin da ke cikinsa. Fentin ruwa da farar ƙasa galibi ba a sa musu dalma. Haɗarin kuwa ya fi tsanani a kan birgi, domin a nan ne fentin mai ya fi saurin ɓarewa. Wanda ya gāji tsohon bango mai irin wannan fenti kada ya kankare shi a busasshe: a jiƙa, a shimfiɗa leda a ƙasa, a fitar da yara da mai juna biyu har a gama a wanke ɗaki.

Saura maganar haya, wadda ta shafi ma'aikata fiye da kowa, tun da su ne yau Tasawa, gobe Dogon Dutsi, jibi Gaya. Ɗan hayar da ya tarar da bangon jan birgi ya shafe shi ba da iznin mai gida ba ya ɗauko wa kansa rigima, domin ƙa'idar haya ita ce a mayar da gida yadda aka same shi, fentin da ya shiga birgi kuwa ba ya fita. Yana nutsewa cikin ƙofofin nan da aka ambata. Maganin cire fenti yana ɗauke na sama ya bar na ciki dabbare-dabbare, kankara da ƙarfe ko feshin yashi kuma suna tafiya da fatar birgin. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo, kuɗin ajiyar da aka ba mai gida sun tafi, wataƙila har da ciko. Iznin baki a gaban dillali bai isa ba, gara a rubuta a takarda, a faɗi irin fentin da launinsa da wanda zai biya. Shi ma mai gidan da ke gina na haya ya sani cewa daga ranar da ya shafe birgi ya ɗaura wa kansa sabunta fenti duk bayan ƴan shekaru, alhali da ya bar shi, tsintsiya kaɗai zai riƙa saye.

Magidancin da har yanzu zuciyarsa ke rabe, kuma uwargida ba ta fasa magana ba, yana iya zaɓar wuri kamar faɗin tabarmar salla a gindin bangon gabas, bayan kabad inda baƙo ba ya gani, ya raba shi biyu, ya shafa fentin ruwa a gefe ɗaya, farar ƙasa a ɗayan. A bar su su sha damina guda. A watan Oktoba a janye kabad a duba.